Siririn katakon da ake liƙa wa akwatin sifika: me za mu kira shi?

Ɗan Mai Garmaho: Salamu alaikum. Na zo da cigiya, amma ta kalma ce.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana sifiku biyu ƙirar Wharfedale da ya saya da kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975. Har gobe muryarsu garau take. Jikinsu ne ya samu matsala: ɗakin da aka ajiye su ya yi yoyo a daminar bara, ruwa ya kwanta a kan ɗaya, saman ya kumbura ya ɗaɗɗago kamar ɓawon dafaffen rogo. Da na sa farce na ɗaga, sai na ga ashe katakon nan mai sheƙi da muke gogewa tun muna yara kaurinsa bai kai na katin cirar kuɗi ba. Abin da ke ƙarƙashinsa garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse. Ni kuwa duk tsawon shekarun nan na ɗauka icce ne guda.

Na kai wa wani kafinta, na ce a sake mini abin da Turawa ke ce wa veneer. Ya ce fomaika? Na ce a'a. Ya ce to ledar nan mai zanen katako ta jikin kabad? Na ce ba ita ba. Muka yi ta zagaye, daga ƙarshe ya ce shi dai abin da ya fahimta shi ne ya yanko falankin maɗaci ya buga da ƙusa gefe da gefe. Na kwaso kayana na dawo gida. Da akwai sunan abin nan da Hausa, da ba mu ɓata rabin yini ba. Masana, a taimaka.

Kawu Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka kwaso kayanka kafin ƙusa ta shiga. Ku yaran yanzu kun ɗauka akwatin nan mazubi ne kawai. Ciro wufa, wato babban faifan da ke fitar da sauti mai kauri, daga akwatinta ka kunna ta a hannu, za ka ji bes ɗin ya gudu, saura ƙara kamar ta gwangwani. Dalili shi ne duk iskar da ta tura gaba, sai ta zagayo ta cike gurbin da ta bari a baya, su kashe juna. Akwati shi ne shamakin da ke raba su. Tun 1954 wani Ba'amurke, Edgar Villchur na kamfanin Acoustic Research, ya fito da akwatin da aka toshe ruf, iskar da ke kulle a ciki ita ke riƙe wufa ta dawo da ita mazauninta. Irin wannan, ƙusa ɗaya ta tsaga kusurwa iska ta samu hanya, ka canza masa murya ke nan. To duk sunan da za ku raɗa, ya zama mai rarrabewa tsakanin abin da ke taɓa ido kaɗai da abin da ke taɓa sauti.

Autan Gida: Kawu, ni a ganina abin ba wuya. Fatar katako. An gama, a rufe taro.

Kawu Mai Rediyo: Ba a gama ba, Auta. A kunnen Bahaushe, in aka ce an ɗaura fata a kan abu mai rami, me ya zo maka? Ganga, kalangu, kotso, ko ƙoƙon goge da fatarsa. A can fatar ita ce mai magana. A jikin sifika kuwa so ake bango ya yi gum, ya bar wufa da tuwita, wato ƙaramar da ke fitar da siririn sauti, su yi zancensu. Shi kansa Gilbert Briggs da ya kafa Wharfedale a Yokshaya ta Ingila a 1932, har yashi ya riƙa ɗurawa tsakanin allo biyu don bangon ya daina rawa. Saboda haka ma ban yarda a ce wa akwatin ƙoƙo ko ganga ba, ko da yake ba a tambaye ni ba.

Malamar Hausa: Kawu ya ɗan tsaurara, amma ina bayansa, ta wata fuskar. Ka ce fata a kasuwa, wurin dukawa za a nuna maka, ko masu ɗinkin kujerun kushin. Kalmar ta riga ta yi aure, ba za ta sake wani ba.

Ga tawa: dalaye. Maƙeran farfaru sun daɗe da ita. A ɗauki ƙarfe mai araha a lulluɓe shi da mai daraja, zobe ya fito kamar azurfa. Aikin da wannan siririn katakon ke yi ke nan, garin katako a ciki, icce mai tsada a waje. Dalayen katako. Ba mu ƙirƙiri komai ba, aro muka yi daga maƙera muka kai wa kafintoci.

Oga Kafinta: Hajiya Malama, da girmanki, ban karɓa ba. In aka ce abu dalaye ne, ai an ce na jabu ne, gobe zai koɗe asiri ya tonu. Wannan kuwa ba ha'inci ba ne, dabara ce ta sana'a, kuma tsohuwa, don tun zamanin Fir'aunonin Masar ake liƙa siririn icce mai tsada a kan mai araha. Icce guda yana numfashi. Da damina ya sha laima ya buɗe, hunturu ya zo ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake wannan motsin, ba ta tsawonsa ba. Duk wanda ƙofar ɗakinsa ke cijewa a watan Agusta ta saki a Janairu ya san zancen. Ka haɗa akwatin sifika da icce guda shida a garin nan, hunturu biyu ya ishe shi ya buɗe baki. Garin katako da filawud ba sa wannan rawar, shi ya sa masu ƙera sifika suka zaɓe su da gangan, sannan suka yi musu sutura. Ba talauci ne ya sa su ba.

Kuma kafin wani ya ce ɓawon katako, ɓawo shi ne abin da muke zubarwa.

Malamar Hausa: Na janye, Oga, amma ban yar da kalmar ba. A ajiye ta ga ledar nan da ake buga wa hoton katako. Ita ce dalaye na gaskiya, tunda ba icce a jikinta ko kaɗan.

Kawu Mai Rediyo: Wannan ta zauna. Su ma can sun san bambancin. Babbar sifikar Advent da Henry Kloss ya fitar, iri biyu aka riƙa sayar da ita, mai iccen walnat na gaske da mai leda, kayan ciki ɗaya, kuɗi daban.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga manya. Mu nan wajenmu masu aikin katako da Faransanci suke kiransa, filakaj, filawud kuma kwantar-filake, to ba mu da abin ba ku ta nan. Amma ina da tambaya ga Oga: yaya ake fitar da abin nan daga gungume? Zarto ake sa wa?

Oga Kafinta: A'a ɗan'uwa, zarto ai zai cinye rabin iccen ya mai da shi gari. Gungumen ake jiƙawa a ruwan zafi ko a turara shi har ya yi laushi, sannan wata doguwar wuƙa ta riƙa shafto shi falle-falle, kowanne bai kai milimita ɗaya ba, galibi wajen 0.6. Ana jera su yadda suka fito, ba a hautsinawa, saboda falle biyu da ke maƙwabtaka zanensu kusan ɗaya ne. In ka buɗe su kamar littafi sai zanen ya kalli juna. Shi ya sa za ka ga tsofaffin sifiku na kirki, ta dama da ta hagu kamar Hassan da Husaini. Akwai kuma wata hanyar, a kafa gungumen yana juyawa wuƙa na feraye shi kamar lemo, ya fito doguwar shimfiɗa. Da wannan ake yin filawud.

Ɗan Maraɗi: To ai kun gama faɗar sunansa ba ku sani ba. Je ka wurin mai kilishi da safe ka tsaya. Tsoka guda a hannunsa, wuƙa na bi a kwance, yana buɗe ta har ta zama shimfiɗa, ka ɗaga ta ka hango rana ta ciki. Me ake ce wa wannan? Sala. Nama ne na gaske, ba a gauraya shi da komai ba, sirantaka kawai aka ba shi. Salar katako.

Autan Gida: Wato in je 'yan katako in ce a ba ni sala biyu, a miƙo mini da yaji da albasa.

Malamar Hausa: Auta, bar wasa, wannan ta fi tawa nesa ba kusa ba. Duba abin da ta ɗauko: sirantaka, da yanka da wuƙa a kwance, da kuma cewa abin daga jikin asalin yake. Dalaye ba ta da na ukun, fata ba ta da na biyun. Falle ta zo kusa, amma falle ƙirga ne, ana cewa fallen takarda, fallen zane, ba ta gaya maka yadda aka samo abin. Sai ma su yi aiki tare: sala falle huɗu. Kuma tana shiga jimla ba tare da an tura ta ba. An liƙa masa sala. Salar ta ɗago. Akwati mai salar walnat. Wanda aka feraye kuma a ce masa fere, in ana son bambancewa. Abu ɗaya zan roƙa, masu rubutu a waya su kula da lam ɗin nan, guda ɗaya ce, kada a ninka ta a kai mu masallaci.

Ɗan Mai Garmaho: Wallahi ta kwanta mini. To shi kuma mai kaurin da kafintan ya so bugawa fa? Na ga wasu a Turai da Amurka suna ƙara wa tsofaffin sifiku katako mai kauri a gefe, kuma yana kyau.

Oga Kafinta: Wannan yana da sunansa tun tuni, falanki. Ba sai an raɗa masa sabo ba. In mutum ya nace yana so, a waje ake ƙara shi, ba a ciki ba, kuma ba a shafe bayansa duka da gam, a bar masa wurin motsi, in ba haka ba ko ya tsage ko ya ja akwatin ya buɗe. Kada kuma bakinsa ya zarce fuskar sifikar.

Kawu Mai Rediyo: A ciki kam haramun. Faɗin cikin akwati lissafi ne, an auna shi da wufar da ke ciki. Ko a wajen ma ba kowace ke so ba. 'Yar ƙaramar sifikar nan ta BBC, LS3/5a, cikinta wajen lita biyar ne, bangonta filawud mai milimita 12 da aka manna wa kwalta ta ciki. Da gangan aka bar bangon ba kauri, aka kashe rawarsa da nauyin kwaltar. Ka ɗaura mata falanki ka ga ka yi gwaninta, ka rushe aikin injiniyoyi. Sala kuwa ba ruwanta da wannan, nauyinta bai kai ya taɓa sauti ba. Kun ga amfanin sunaye biyun ke nan.

Oga Kafinta: Ɗan Mai Garmaho, ga yadda za ka gaya wa mai aikin. Ya fara kwance wufa da tuwita ya ajiye gefe. Ya kankare inda ya kumbura har ya tarar da mai ƙwari, ya cike ramin da garin katako da farin gam, ya bari ya bushe sosai, ya goge da samfefa ya daidaita. Sai ya shafa gam a jikin akwatin da bayan salar, ya bar su su sha iska, ya ɗora, ya shimfiɗa takarda a kai ya bi da dutsen guga daga tsakiya zuwa baki. Zafin ne ke narkar da gam ɗin ya kama. Abin da ya yi saura a baki a bi shi da reza. A ƙarshe mai za a shafa da tsumma, kada ya yi mata feshin nan mai ƙyalli kamar gadon amarya. Ita kuma lafiyayyar, ya yi hankali da samfefa, shafa biyu uku ya huda salar ya tarar da gari.

Daga hoton da ka sa, kamar iccen tik ne ko walnat. In ba a samu ba, mansoniya tana kusa da walnat a launi. Akwai kuma safele, wanda sunansa ma daga garin Sapele na jihar Delta ya samo, inda a da aka daɗe ana yin filawud, sai dai shi ja ne, zai bambanta. Ni da zan sake wa duka biyun, su zo iri ɗaya.

Kawu Mai Rediyo: A nan muka rabu, Oga. Wadda ruwa bai taɓa ba a bar ta da salarta ta asali. Hannun mahaifinsu ya goge ta.

Ɗan Mai Garmaho: Na koma wurin kafintan yau da hantsi. Na ce masa salar katako nake nema, icce na gaske da aka shafto siriri. Shi ya yi shiru, yaronsa ne ya ɗago kai ya ce irin ta kilishi? Na ce ita. Ogan ya ce to ya gane, amma ba ya ajiye ta, sai an nemo wurin masu sayar da filawud da kayan kabad, kuma da wuya su yarda su sayar da falle ɗaya. Saman guda ɗaya kawai zan sake, kamar yadda Kawu ya ce. Wanda ya san inda ake sayar da ita kaɗan-kaɗan ya yi mini magana. Yadin gaban ma ya yage a kusurwa, ban sani ba ko labule za mu ce masa ko raga.

Kawu Mai Rediyo: Ɗaga shi saitin fitila tukuna. In kana hango haske ta ciki sauti zai wuce, in ba ka hango ba kada ka saya, ko da wane suna aka kira shi.