Wanda bai taɓa ganin teku ba, zai iya tantance halittun ƙarƙashinsa?

Sani Tela, Tudun Wada, Gombe:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Kashere ya saka min wata manhaja a waya mai suna FathomVerse. Hotunan ƙarƙashin teku take nunawa, kai kuma ka zaɓi abin da ka gani. Jiya bayan na rufe shago na ci karo da wani abu ja mai hannaye biyar kwance a kan yashi, kusa da shi wani fari fat wanda na rasa ko dabba ce ko tsiro. Ni dai ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne na Dadin Kowa. Idan na ba abu sunan da ba nasa ba, ban ɓata wa masana aiki ba?

Malama Hauwa, Bauchi:
Wa'alaikumus salam Malam Sani. Kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai ake nuna wa hoton ba. Mutane da yawa ne ke duba hoto ɗaya, sai a ɗauki amsar da ta fi rinjaye. 

Cibiyar binciken teku ta MBARI da ke Kalifoniya a Amurka ce ta fitar da manhajar a 2024. Suna da na'urori masu kyamara da fitilu da ake saukarwa can ƙasa, domin daga zurfin mita 200 hasken rana ya fara ƙarewa, a wuce mita 1,000 kuwa duhu ne ƙirin. Hotunan sun taru sun fi ƙarfin masana, shi ya sa ake amfani da amsoshinku wajen koya wa kwamfuta gane halittun. Tun 2012 aka yi irin wannan a Zooniverse, wani shafin intanet da 'yan sa-kai ke taya masana aiki, da aikin Seafloor Explorer, inda mutane suka riƙa ware yashi, tsakuwa da kifi a hotunan ƙasan tekun da ke kusa da gaɓar arewa maso gabashin Amurka. Jan nan naka mai hannaye biyar, tauraron teku ne, kuma dabba ce. Ni a ganina wanda ya saba bambanta zanen atamfa biyu masu kama da juna ba zai sha wuya ba.

Abban Khadija, Bajoga:
To Malama, data fa? Hotuna na cin data ba wasa, kuma ko sisi ba a biya. Su samu digiri da suna, mu mu ƙare da sayen kati.

Malama Hauwa:
Gaskiyarka, ba a biya, aikin sa-kai ne. Wanda ke neman kuɗi kada ma ya fara.

Ɗan Masunta, Dadin Kowa:
Yaya Sani, in idonka ya saba, ka waiwayo gida. Akwai wata manhajar mai suna iNaturalist, inda kai ne za ka ɗauki hoton ka ɗora, wasu su taya ka gano sunan kimiyyarsa. Da sassafe idan kwale-kwale suka fito, za ka ga tarwaɗa, karfasa da kurungu zube a bakin ruwa. Babana da hannu kaɗai yake bambanta su ko da duhu, amma babu mai ɗaukarsu hoto. Ka shimfiɗa kifin a gefensa, ka buɗe ƙayar bayansa, ka rubuta wuri da kwanan watan da ka ɗauki hoton.

Sani Tela:
Na gode ƙwarai. Ɗan Masunta, ranar Lahadi ba na buɗe shago da wuri. Ƙarfe nawa kwale-kwalen suke fitowa?