Yaron da ya bar jiharsa, wa ke da alhakinsa a doka?

Malamar Firamare:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar firamare ta gwamnati a ɗaya daga cikin biranen Arewa, kuma abin da ya sa na kawo wannan tambaya shi ne wani yaro da bai wuce shekara takwas ba, wanda ya kusa mako biyu yana kwana a rumfar mai shayi da ke gaban makarantarmu, da gyambo a ƙafarsa har ƙudaje na bin sa. Da muka tambaye shi sai ya ce daga jihar da ke maƙwabtaka da mu aka kawo shi karatun allo, malaminsu ya tashi da sauran almajirai, shi kuma ya ɓace musu a tasha. Mun yi yawo daga wannan ofishi zuwa wancan, kowa na cewa sai an samo iyayensa tukuna, alhali yaron sunan mahaifinsa da na ƙauyensu kaɗai ya sani. Tunda an ce akwai dokar kare haƙƙin yara a ƙasar nan, wa ta ɗora wa nauyin yaro irin wannan, gwamnatin tarayya ko jiharsa ko jihar da aka tsince shi?

Lauya daga Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, sannan aka kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003. Sai dai tsarin mulki bai sanya sha'anin yara cikin abubuwan da majalisar tarayya ke yi wa ƙasa baki ɗaya doka ba, don haka a Abuja kawai dokar ta fara aiki kai tsaye, kowace jiha kuma sai da majalisarta ta yi tata. Kaduna ta yi tata a 2018, Kano kuma sai a 2023, wato shekara ashirin bayan ta tarayya, kuma yawancin jinkirin ya samo asali ne daga taƙaddama kan shekarun aure, abin da ya sa aka bar sauran tanade-tanaden dokar, waɗanda babu mai jayayya da su, suna jira tsawon lokaci.

Game da tambayarki, dokar 2003 ta ɗora wa gwamnatin jihar da yaro yake cikinta nauyin samar masa masauki idan ya ɓata ko aka yasar da shi, ba tare da sharaɗin sai an ga iyayensa ba. Neman iyaye aiki ne da ake yi bayan yaro ya samu wurin kwana da magani. Dokar ta kuma haramta amfani da yaro wajen bara ko talla, ta tanadi kotun iyali, ta kuma ce a kafa kwamitocin aiwatarwa a matakin ƙasa da jiha da ƙaramar hukuma. Ki duba dokar jiharku, domin kowace jiha ta yi nata gyare-gyaren, sannan ki rubuta takarda zuwa sashen walwalar jama'a ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Magana ta baki ba ta tilasta wa kowa komai.

Alaramma mai tsangaya:

Malama, ina da almajirai a gabana, kuma ba zan kare malamin da ya tashi bai ƙirga yaransa ba, domin amana ya ci. Amma a ganina laifin gwamnati shi ne duk lokacin da ta tashi gyara, ba ta zama da mu. A 2012 aka buɗe makarantar tsangaya ta zamani a Gagi ta Sakkwato, aka gina wasu da dama a jihohi, amma da yake tarayya ce ta gina ta miƙa wa jihohi ba tare da an daddale wanda zai ciyar da yaran ya biya malamai ba, da yawansu suka lalace. A 2020 kuma, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu, har aka samu wasu ɗauke da cutar bayan sun isa, kuma da kulle ya wuce da yawansu suka dawo inda suka baro, saboda talaucin da ya fito da su yana nan yadda yake. Yanzu an kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023. Idan za ta fara da yi wa kowace tsangaya rajista, kowane yaro da sunan mahaifinsa da ƙaramar hukumarsa da lambar wayar wani nasa, ni ne na farko da zan miƙa littafina.

Ma'aikaciyar walwalar jama'a:

Allah ya gafarta Malam, maganar rajistar nan ita ce ƙashin bayan aikin. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa, amma yara da yawa a karkara ba su da ita, kuma yaron da ba ya cikin kowane littafi, idan ya ƙetare iyakar jiha babu hanyar bin sawunsa sai cigiya a masallaci da gidan rediyo. Mu tuna yara tara da aka sace daga Kano aka gano yawancinsu a Onica ta jihar Anambara a 2019, wasunsu an sauya musu suna, har Hausar ma ta fara kuɓuce musu. Ba a dawo da su ba sai da jami'an tsaro suka bi sawu daga wannan jiha zuwa waccan, kuma irin wannan haɗin kai ne ya kamata ya zama aikin yau da kullum tsakanin jihohi. Malama, kafin komai ki kai shi asibiti a wanke gyambon, sannan ki bi ta hannun mai unguwa zuwa hakimi, domin a abin da na gani a aikina, sarakunan gargajiya sun fi mu saurin gano ƙauye da sunan mutum.

Malamar Firamare:

Na gode muku ƙwarai. An wanke ƙafar jiya, mai unguwa ya ajiye shi a gidansa, kuma hakimi ya aika wa takwaransa na can da sunan mahaifin. Takardar da Lauya ya ce in rubuta zan kai ta ranar Litinin, in Allah ya kai mu.