Wa ya taɓa bin Skyline Drive lokacin da ganye ke juya launi?

Baƙuwar Maryland:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mama ta zo mana daga gida, farkon Nuwamba za ta koma. Maigida ya ce kafin ta tafi a kai ta duwatsun Virginia ta ga yadda ganye ke juyawa, an kuma ba mu shawarar Skyline Drive da ke cikin gandun dajin Shenandoah. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa, wane mako ya fi? Tana fama da ciwon gwiwa, ga yara ƙanana biyu. Daga Silver Spring za mu tashi.

Direban Tirela:
Wa alaikumus salam ƙanwata. A gaida Mama. Hanyar mil 105 ce, daga Front Royal a arewa zuwa Rockfish Gap a kudu, kuma ba a wuce gudun mil 35 a awa. Ko ba ku tsaya ko'ina ba sai ta ci kusan awa uku, to da tsohuwa da yara kada ku ce sai kun ga ƙarshenta.

Ƙofofin shiga huɗu ne. Mutanen Washington duk Front Royal suke nufa don ita ce a bakin babbar hanya ta 66. Ni ta Warrenton nake bi, in kama hanya ta 211 in ratsa Sperryville in hau ta ƙofar Thornton Gap, wajen mil 31 in an ƙirga daga Front Royal. Kina shiga ki yi kudu, nan da nan za ku tarar da ramin da aka huda cikin dutsen Marys Rock, mota na bi ta ciki. Yarana ihu suke yi duk lokacin da muka shiga. Ku fita ta Swift Run Gap, wajen mil 65. Wannan tsakiyar ita ce tsokar.

Ki gaya wa maigida ya cika tanki tun a ƙasa, a zangon Big Meadows, wajen mil 51, kaɗai ake sayar da mai a kan dutsen. In ya zo gangara ya sa ƙaramar giya, kada ya zauna a kan birki. Na sha jin ƙaurin birkin mutane a gangaren 211.

Malamin Kimiyya:
Hajiya, tambayar mako ita ce mai wuya, domin launin ba rana ɗaya yake zuwa ko'ina ba. Daga saman dutse yake farawa ya riƙa saukowa. Kusa da masaukin baƙi na Skyland hanyar ta kai tsayin ƙafa 3,680, nan ne ƙololuwarta, alhali Front Royal can ƙasa take a kwari. Shekarar da na je a ƙarshen Oktoba, bishiyoyin saman duk sun kaɗe, sai rassa tsirara, amma da na leƙa ƙasa sai na ga gangaren ya yi ja wur, da ruwan ɗorawa da ruwan goro, har zuwa bakin gonaki. Wani abokin aikina da ya je a farkon watan akasin haka ya gani, sama ta juya, ƙasa tana nan kore shar. Kowannenmu ya dawo yana cewa ya dace.

Abin da ke faruwa shi ne, idan yini ya gajarta sai bishiya ta daina yin sinadarin koren da ke cikin ganye, rawayar da take ɓoye tun da can ta bayyana. Jan kuwa sabo ne, ganyen ke haɗa shi daga sukarin da ya taru a cikinsa, kuma ya fi kyau in an samu rana tas da yini, dare kuma da sanyi ba tare da ƙanƙara ba. Shi ya sa wata shekarar ta fi wata. Iska mai ƙarfi ta dare ɗaya kuma tana iya zubar da rabin abin da za ku je gani. Daga tsakiyar Oktoba zuwa mako na uku ne aka fi dacewa, kuma hukumar gandun tana fitar da bayanin yadda launin yake a lokacin kaka, ki duba kafin ku sa rana.

Ɗan Damagaram:
Malam ya yi bayani, amma bari in faɗi nawa don kada a ce ba a faɗa ba. Ranar Asabar muka je, a tsakiyar Oktoba, muka iso ƙofa da hantsi. Layin motoci ya miƙe tun daga nesa. Da muka samu shiga, duk wurin tsayawar da muka zo a cike yake, sai dai mu wuce. Can sama kuma hazo ya rufe dutsen ruf, ko motar gabanmu sai da fitila muke ganinta. Mun biya dala 30 mun kalli farin hayaƙi. Abin da ya cece mu shi ne takardar shigar tana aiki har kwana bakwai, sai na ɗauki hutu ranar Talata muka koma da sassafe. Wallahi kamar ba wuri ɗaya ba. Muna tsaye mu kaɗai, gajimare na ƙasa da mu a cikin kwari, dutsen Massanutten ya leƙo ta cikinsa. In da hali ku guji Asabar da Lahadi, magana ta ƙare.

Kuma hanyar kwana-kwana ce, wanda ya taɓa hawan Mambila zai gane nufina. Ƙaramar 'yata jiri ya ɗebe ta, sai da muka tsaya. Ki tanadi leda, kada kuma ki ba su waya a hannu.

Hajiya Mai Waina:
'Yata, su maza hanya suke ta lissafi, ni zancen Mama zan yi miki. Sanyin saman nan ba irin na Silver Spring ba ne, ga iska. Ki sa mata suwaita a ƙarƙashin zane, da safa mai kauri da takalmi rufaffe, ko ta ce ba ta so. Tawa surukar da silifa ta fito, a mota ta ƙare kallonta.

Ki yi filas biyu, ɗaya shayi mai citta da kanumfari, ɗaya ruwan ɗumi na alwala, don ruwan famfon can yanka hannu yake yi. Akwai banɗaki mai tsafta a cibiyar baƙi ta Byrd da ke Big Meadows, mil 51, gabanta kuma fili ne fetal, ciyawa ta yi ja, barewa na kiwo ba ruwansu da mutane. A gefen filin muka shimfiɗa darduma muka yi azahar, babu wanda ya ko kalle mu sau biyu. Alƙibla arewa maso gabas take, ki duba tun kina da sabis, don waya tana ɗaukewa a wurare da yawa.

Batun gwiwa kuma, kada kowa ya ruɗe ku da Dark Hollow Falls, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Ruwan yana da kyau, amma gangara ce tiƙis, dawowar hawa ce. Ku kai ta Limberlost, wajen mil 43. Zagaye ne da bai kai mil ɗaya da rabi ba, a shimfiɗe yake, har keken guragu na bi, ga bencina a hanya. In ta gaji ta zauna, ganye na zubo mata a cinya.

Ɗalibin Tarihi:
Ranki ya daɗe Hajiya, in ƙara abu ɗaya tun da za su tsaya a Byrd. Akwai ɗakin tarihi a ciki, ya cancanci rabin awa. An kafa gandun a 1935, Shugaba Roosevelt ya ƙaddamar da shi a 1936, kuma sai da aka tashi ɗaruruwan iyalai daga gonakinsu a kan duwatsun. Na taɓa cin karo da tsohuwar maƙabartarsu a cikin daji. Wurin shaƙatawa na Lewis Mountain da za ku wuce wajen mil 57, nan aka keɓe wa baƙar fata a zamanin wariya, ba a kawar da hakan gaba ɗaya ba sai 1950. Na tsaya na ci abincina a wurin da gangan.

Baƙuwar Maryland:
Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Maigida ya ce zai nemi hutun Laraba. Saura ɗaya: da gaske akwai beyar? Mama ta ji labari ta ce ita ba inda za ta.

Direban Tirela:
Akwai, baƙaƙe. Na ga uwa da 'ya'yanta suna tsallaka titi kusa da Skyland, motoci suka tsaya cak har suka shige daji. Ba sa neman mutum, abinci suke bi. Kada a bar kular shinkafa a buɗe a kan tebur, kada yara su matsa don hoto. Ku kuma sauko kafin magariba, don da duhu ya fara barewa ke fitowa kan titi, su na fi tsoro a kan beyar.