Titin tarayya ya ratsa tsakiyar garinmu: kunyar rage gudun mota za mu ƙara ko gadar sama za mu nema?

Ɗan Bakin Kasuwa:

Assalamu alaikum. Shawarar masana nake nema. Garinmu hedikwatar ƙaramar hukuma ce, kuma babban titin tarayya ya raba shi biyu, kamar dai yadda yake a Wudil ko Potiskum, sai dai namu ba tagwaye ba ne. Kasuwa da tasha suna hannu ɗaya, firamare da asibiti da masallacin Juma'a suna ɗaya hannun. Tun da aka sabunta kwaltar motoci suke sheƙa gudu, ana ta buge mutane, yawanci yara da tsofaffi. Matasa sun zuba kunyoyin siminti da kansu, wasu sun farfashe, direbobi kuma suna kauce musu ta bakin kwalta. Yanzu ƙungiyar ci gaban gari ta rabu: wasu na cewa a ƙara kunya, wasu na cewa gadar sama ce magani. An ɗora wa kwamitinmu rubuta takarda. Daga ina za mu fara, kuma wa za mu kai wa?

Injiniya Mai Awo:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba. Kafin maganar kunya ko gada, ku auna gudun motocin. Ba sai da na'ura ba. Ku auna mita 50 a bakin titi kusa da makarantar, ku yi alama a farko da ƙarshe. Mutum ɗaya ya tsaya a farko ya ɗaga hannu idan mota ta taka alamar, na biyu yana ƙarshe da agogon waya. Ku raba 180 da yawan sakan da motar ta ɗauka, abin da ya fito shi ne gudunta. Sakan 6 kilomita 30 ke nan a awa, sakan 3.6 kilomita 50, sakan 2.5 kilomita 72. Ku ɗauki mota 100, waɗanda ba wata motar ce ta tare musu gaba ba, ku jera daga mafi nawa zuwa mafi gudu, ku duba ta 85. Wannan lambar injiniyoyi suke aiki da ita. Ku yi awon a ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, da safe da kuma bayan magariba.

Dokar hanya ta Najeriya ta ce 50 a cikin gari, amma a ƙofar makaranta da kasuwa 50 ma ta yi yawa. Sanarwar Stockholm ta 2020, wadda taron ƙasashen duniya kan kiyaye haɗurran hanya ya fitar, ta nemi 30 a duk inda masu tafiya a ƙasa suke cuɗanya da motoci, kuma lissafin a fili yake. Direba yana ɗaukar kamar sakan ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta kai birki. A gudun 30, ƙaramar mota mai lafiyayyar taya a busasshen titi za ta tsaya cikin kusan mita 18. A 50 sai mita 35. A 80 kusan mita 70. Wato yaron da ya faɗo titi mita 20 a gaban mai gudun 50, kafin direban ya taɓa birki ma ya riga ya iso shi. Idan da yashi a kan kwalta, ko tirela ce da lodi, sai abin ya fi haka nisa.

Kunyar da matasanku suka zuba na san irinta: faɗi bai kai rabin mita ba, tsayi kusan tafin hannu biyu. Illolinta da yawa. Mai tafiya a hankali shi ne take dukan salansarsa, mai gudu kuma sifirin ya shanye dukan ya wuce. Siminti ba ya kama jikin kwalta, shi ya sa tirela take fasa shi. Idan an zuba ta daga baki zuwa baki tana tare ruwan sama, ruwan ya kwanta ya cinye titin. Da dare kuma, babu fenti babu allo, ɗan acaba take kayarwa.

Kunya ta ƙa'ida tsawonta a bin titi mita 3.7 ne, tsayinta santimita 7.5 zuwa 10, a lanƙwashe a hankali. Amma a titin da manyan motoci suke bi, wadda ta fi dacewa ita ce mai shimfiɗaɗɗen sama kamar dakali: tsayi santimita 10 ko ƙasa da haka, hawa da gangara mita 1.5 kowanne, sama kuma mita 6. A kan saman nan ake zana layin tsallakawa, sai ta yi aiki biyu. A titi mai faɗin mita 7.3 za ta ci kwalta kusan tan 13. Dole a yanka tsohuwar kwaltar a bakin hawa da gangara, a fesa ruwan kwalta kafin a zuba, in ba haka ba bakin ne zai fara ɓantarewa. A bar hanyar ruwa a gefe, a kafa turakun kankare a bakin kwalta don kada a zagaye ta.

Kada kuma mai tahowa da gudun 100 ya tarar da ita kwatsam. Tun daga wajen gari ake fara sauke shi: allon 50 da sunan gari, sai ƙananan layukan nan masu sa mota kakkarwa, tsayinsu bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, rukuni uku ko huɗu, sai allon gargaɗi, sai allon 30, sannan kunya. A Gana an sa irin layukan nan a mahaɗar Suhum, kan titin Accra zuwa Kumasi, kuma tsakanin 2000 da 2001 haɗurra suka ragu da kusan kashi 35 cikin 100, mace-mace da kusan kashi 55. Aibinsu ƙara, don haka a nesanta su da gidajen kwana.

Malama Mai Taswira:

Injiniya ya gama da motoci, saura mutanen. Malam, ku zana titin a babbar takarda, ku sa mutum biyu a kowane yanki na mita 100 su riƙa ɗiga alama duk inda wani ya tsallaka. Lokutan da suka fi muhimmanci: bakwai zuwa takwas na safe, tashin firamare, tashin Islamiyya da yamma, saukowa daga Juma'a, da tsakanin magariba da isha. Za ku ga ɗigon ya taru a wuri biyu ko uku. Nan za a yi matsallaka, ko da wurin bai yi wa kwamiti daɗi ba. Idan kuka matsar da ita mita 100 saboda kada a taɓa rumfar wani, fenti kawai kuka ɓata.

Gadar sama kuwa, ni ban goyi baya ba a titi irin naku. Sai ta haura mita 5 don manyan motoci masu lodi su wuce ƙarƙashi. Idan matakala aka yi, tsohuwa mai kaya a ka, mai ga-ruwa da kurarsa, mai baro, mai keken guragu da mai kora awaki duk ba za su hau ba. Idan gangara aka yi ta ƙa'ida, hawan mita 6 yana buƙatar fiye da mita 70 a kowane hannu. Mutum zai yi tafiyar mita 150 don ya tsallake titin mita 7? Sannan direba da ya ga gada yana ɗauka babu kowa a ƙasa, sai ya ƙara wuta. Gada tana da amfani a tagwayen titi mai shingen ƙarfe a tsakiya, inda ba a son rage gudu. Kuɗin guda ɗaya zai yi muku matsallaka da yawa har da fitilu.

Abin da nake so ku saka a takardar shi ne tsibiri a tsakiyar titi. Yaro ko tsoho yana tafiyar kamar mita ɗaya a sakan, wato sakan 7 da ɗoriya kafin ya haye. A wannan lokacin mai gudun 80 ya cinye mita 160, kuma ana so yaron ya auna motocin hannu biyu lokaci guda, alhali yaran firamare ba su iya kintatar gudun mota ba. Tsibirin kankare mai faɗin mita 2 yana raba aikin biyu: ya duba hannu ɗaya, ya tsaya, ya duba ɗayan. Titunan tarayya yawanci suna da gefe mai faɗin mita 2.75 a kowane hannu, daga nan ake cin filin a buɗa titin. A yanka tsakiyar tsibirin daidai da matsallakar don baro da keke su wuce, a yi wa bakinsa fenti mai ƙyalli.

Da wata dabara mai arha: idan makarantar tana da lungu a gefe ko a baya, a mayar da ƙofa can. Yara idan an tashi a guje suke fitowa, ƙofar da ta kalli babban titi kuwa kai tsaye take zuba su a kwalta. Wannan kwamitin makaranta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma za su iya yi a hutu ɗaya. A Darussalam ta Tanzaniya ƙungiyar Amend ta yi irin waɗannan ƙananan gyare-gyare a kewayen makarantu, kunya da matsallaka da hanyar ƙafa da sauya ƙofa, bincike ya nuna raunukan yara sun ragu da kusan kashi 26 cikin 100.

Hanyar ƙafa kuma ta zama aƙalla mita 1.8, a ɗaga ta sama da titi. Rufe lambatu da silaf yakan samar da ita ba tare da rushe komai ba.

Alhaji Na Tasha:

Injiniya, ranka ya daɗe, na yarda da dakalin nan, amma a tsaya a santimita 7.5. Tanka mai ɗauke da mai idan ta taka birki da ƙarfi man yana tunkuɗo ta gaba, tirela mai dogon lodi kuma idan ta hau kunya a karkace don tsoron dukan ƙasa, nan take kwantawa. Kada a sa kunya a kwana, ko a gangara, ko a bakin gada, ko can wajen gari inda babu haske, don ɓata-gari suna fakewa a irin wurin.

Abin da ba ku taɓo ba shi ne tsayuwar motoci. Yawancin wanda ake bugewa a bakin kasuwa daga bayan motar da ta tsaya yake fitowa. Bas ta tsaya sauke fasinja, ko tirela ta faka direba ya tafi cin abinci, mutum ya leƙo ta gabanta, mai tahowa bai gan shi ba. Don haka mita 15 zuwa 20 kafin kowace matsallaka a hana tsayuwa da kasa kaya, kuma da turaku za a hana, allo kaɗai ba ya hana kowa. Wurin sauke fasinja ya kasance bayan matsallaka, ba gabanta ba. Ku zauna da shugabannin NURTW da na 'yan adaidaita sahu da 'yan acaba da sarkin kasuwa tun kafin ku rubuta komai. Idan ba a ba su wani wurin lodi ba, rana ɗaya za su koma inda suke, 'yan kamasho ma su ne za su tumɓuke turakun.

Sai haske. Fitilar sola a sa ta mita kaɗan kafin matsallaka ta ɓangaren da mota take tahowa, a kowane hannu, don hasken ya bugi jikin mai tsallakawa. Idan tana bayansa inuwa kawai direba zai gani. Lokacin hunturu ƙura tana rufe faifan, batir ya kasa cika, ƙarfe goman dare ta mutu. A sa wanda zai riƙa goge shi duk mako biyu, a ɗora batirin can sama saboda ɓarayi.

Malam Sakatare:

Ɓangaren wa za a kai wa. Titin tarayya na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ne, kuma kowace jiha tana da kwantirolan ayyuka a babban birninta. Shi ne mai ba da izinin taɓa kwaltar. FERMA, hukumar kula da titunan tarayya, gyara take yi. Ciyaman ba shi da ikon zuba kunya a wannan titin, kuma wadda aka zuba ba izini ana iya zuwa a kankare ta. Amma tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da fitilun titi da magudanan ruwa, don haka matsar da 'yan tebur, wurin lodi da haske duk a hannunku suke, ba sai kun jira Abuja ba.

Takardar kada ta wuce shafi biyu, sai taswira. A ciki: gudun mota ta 85, yawan masu tsallakawa a kowane wuri, da jerin haɗurran shekara uku da suka wuce, kowanne da wuri da lokaci da irin motar. Ku haɗa daga ofishin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC mafi kusa, sashen haɗurra na 'yan sanda, da rajistar babban asibiti, domin kowannensu yana da abin da ɗayan bai rubuta ba. Masu unguwa ma za su cike muku waɗanda ba a kai rahoto ba. Hakimi da ciyaman su sa hannu, a kai wa kwantirola, kwafi ga kwamandan FRSC na jiha da ɗan majalisar wakilanku, wanda zai iya saka aikin cikin ayyukan mazaɓa. Ku nemi a turo injiniya ya zo ya duba ranar kasuwa, kuma ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Ɗan Bakin Kasuwa:

Allah ya saka da alheri, na kwashe duka. Tambaya ɗaya: kafin izini ya fito, kunyoyin da ke nan mu fasa su ne ko mu bar su?

Injiniya Mai Awo:

Kada ku fasa dukansu a bar titin fayau, gudu zai dawo a ranar. Ku kwashe ɓaraguzan waɗanda suka farfashe, ku yi wa sauran farin fenti, ku kafa allo mita 100 kafin ta farko a kowane hannu, ku buɗe musu hanyar ruwa a gefe kafin damina. Ku nemi FRSC su horar da mutum biyu masu riga mai ƙyalli da za su riƙa tsallakar da yara safe da tashi. Alhaji, na karɓi gyaran 7.5, sai dai hawan ya koma kamar mita 1.2, in ya fi haka tsawo ƙananan motoci ba za su ji ta ba. Idan aikin ya zo, ku dage a yi layukan da fentin da ake narkawa da wuta mai ƙwayoyin gilashi, don fentin gwangwani ba ya kai damina ɗaya a ƙarƙashin tirela. Bayan wata uku da gamawa ku sake awon mita 50 ɗin a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Idan mota ta 85 tana sama da 40 a tsakanin kunyoyi biyu, tazararsu ta yi yawa, a ƙara ɗaya a tsakani yadda ba za ta wuce mita 100 ba.