Ina ya kamata bakin salansar motar dizal ya kalla?

Da aka tattauna batun da makanikai da masu walda a Panteka, yawancinsu sun ce a bar salansa yadda kamfani ya yi ta. Tsofaffin motocin dizal bakin salansarsu ƙasa yake kallo, don baƙin hayaƙi ya bugi titi maimakon ya ɓata bamba ko ya turnuƙe ɗan acaɓan da ke baya. Illarsa kawai tayar da ƙura, wanda ke bin lungunan unguwar Rigasa ta Kaduna da rani ya san wannan. Sababbin da ke da matatar hayaƙi kuwa bakin salansarsu yakan zo a miƙe.

In dole sai an sauya, to bakin ya fito wajen jikin mota sosai, kada iska mai guba ta dawo ciki. Kada ya kalli taya, tankin mai ko bututun birki. Mai son ya ɗaga shi sama irin na tarakta, ya sa masa marfi saboda ruwan damina.

Wani dattijon makanike ya ce hayaƙin da ya yi baƙi ƙirin ba laifin salansa ba ne, a duba nozul (mai fesa man dizal cikin inji) da matatar iska. Ni ma nan na tsaya.