Malamina ya ce waƙa ba hujja ba ce, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Ina digiri na biyu, ina bincike kan yadda waƙa ke rage wa matan da mazajensu suka rasu damuwa. Na bi su da takardar tambayoyi, kowa amsarta ɗaya: "Alhamdulillahi, sai godiya." Amma ranar da muka kifa ƙwarya a ruwa aka fara kiɗa, wata baiwar Allah da ba ta taɓa cewa uffan ba ta ɗauko waƙa, har ta ambaci hular maigidanta da ke rataye a ƙusa tun ranar da aka fita da shi. Ɗakin ya yi tsit. Na kai wa malamina, ya ce, "Ina alƙaluma?" Waƙar kanta ba za ta iya zama bayanan bincike ba?

Wani malamin jami'a: Wa alaikumus salam. Za ta iya, ƙanwata, kuma ba kanki farau ba. Bincike ne da ake gina shi kan fasaha, wato waƙa ko zane su ne abin tattara bayani, da su kuma ake nazari. Shaun McNiff na Amurka ya fitar da littafi a kai tun 1998. A 2013 Michael Viega ya yi digirin digirgir a Jami'ar Temple da waƙoƙin da matasa suka rubuta a zaman jinya, ya nazarce su ta hanyar sake haɗa sautinsu. Ki leƙa Voices, mujallar bincike kan jinya da waƙa, a intanet, kyauta ce.

Wata 'yar uwa: Ni dai ban ga laifin malaminki ba. Hawaye a ɗaki ba sakamako ba ne. Tambayarki ce ta jawo miki: in kin ce waƙa na RAGE damuwa, dole a nemi awo. Ki mayar da ita: me matan nan ke faɗa a waƙa da ba sa faɗa da fatar baki? Sannan ki nuna aikinki dalla-dalla. Ki naɗa, ki rubuta baitocin, ki sa alama inda murya ta karye da inda amshi ya sauya. Ki riƙa rubuta abin da ke kanki kika ji, don kada ki jingina musu baƙin cikinki. In kin gama ki koma ki karanta musu fahimtarki, su ce haka ne ko a'a.

Wata ma'aikaciyar jinya: 'Yata, kafin komai, kin nemi izininta? Suna yana ɓoyuwa a takarda, murya ba ta ɓoyuwa. Dangin miji na ji za su gane ta. Kuma kada ki tayar da miki ki tafi gida, a samu mai zama da ita bayan kiɗa.

Mai tambaya: Wallahi Mama, na naɗa ban tambaye ta ba. Gobe in sha Allah gidanta zan fara zuwa. Malam, in na gyara tambayar zan iya turo maka ka duba?