Neman Izinin Shiga Ma'aikata Don Binciken Shugabanci: Me Kuka Tarar?

Ɗalibar digiri na uku: Malamaina, ina gaisuwa. Wata takwas ke nan ina neman izinin shiga wani kamfani domin in binciki yadda salon shugabanci yake shafar al'adar ma'aikata, kuma sai makon jiya aka amince mini, bisa sharaɗin cewa ofishin shugaban ne zai zaɓo waɗanda zan yi hira da su. Ina roƙon waɗanda suka riga ni bin wannan hanya su gaya mini abin da suka tarar.

Babban malami a sashen gudanarwa: Ƙanwata, na taɓa karɓar irin wannan sharaɗi, kuma ban ji daɗinsa ba. Duk waɗanda aka kawo mini sun maimaita kalmomin da ke rubuce a allon ƙofar shiga, wato gaskiya da haɗin kai da sauraron kowa, har na riƙa sanin amsa tun kafin in gama tambaya. A nan ne na fahimci abin da masanin gudanarwa Edgar Schein ya bayyana a 1985, cewa al'adar ma'aikata hawa uku ce: abin da ido yake gani, da aƙidun da ake furtawa, da kuma abubuwan da kowa ya ɗauka a matsayin gaskiya ba tare da an faɗa ba. Hirarrakina duka a hawa na biyu suka tsaya. Abin da ya ceci aikin shi ne izinin da na samu na zama a tarukan mako-mako, inda na lura cewa babu mai buɗe baki sai shugaba ya nuna inda ya karkata, sannan kowa ya bi, alhali a takarda ana kiran wurin gidan shawara.

Malama mai bincike da alƙaluma: Ni tawa matsalar daga takardar tambayoyi ta taso. Na yi amfani da ma'aunin MLQ, wato takardar tambayoyin auna salon shugabanci ta masana Bass da Avolio, amma na yi kuskuren barin shugabannin sassa su raba takardun kuma su karɓo su, saboda haka kusan kowane shugaba ya fito da maki mafi girma. Masu bita a mujallar da na aika wa sun mayar mini da aikin, suka tura ni ga maƙalar Podsakoff da abokansa ta 2003 kan illar karɓar dukkan bayanai daga mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Sake tattara bayanan ya ci mini shekara biyu, ƙarin girmana ma ya jinkirta.

Farfesa mai ritaya: 'Yata, kada ki gwada kanki da manyan sunaye. Masanin al'adu Hofstede ma'aikacin kamfanin kwamfuta na IBM ne lokacin da aka tattara takardun tambayoyi fiye da 100,000 daga ma'aikatan kamfanin tsakanin 1967 da 1973, kuma duk da haka ya sakaya sunan kamfanin a wallafarsa ta 1980, ya kira shi HERMES. Ni ban taɓa ƙin sharaɗi irin naki ba, domin jerin sunayen da shugaba zai miƙo miki shi kansa bayani ne: ki duba sashen da aka tsallake, da waɗanda suka daɗe suna aiki amma ba a sa su ba. Abin da ban yarda da shi ba ko sau ɗaya shi ne in nuna wa mahukunta kalaman wani ma'aikaci, ko da an cire sunansa, saboda a ƙaramin ofis ana gane mutum daga yadda yake magana.

Ɗalibar digiri na uku: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Zan karɓi jerin nasu, amma zan nemi a rubuta cikin yarjejeniyar cewa ina da damar ƙara mutane da kaina da kuma halartar taruka. Malam, ka daɗe kana zama a tarukan kafin su daina ɗari-ɗari da kai?